Kan Jirgi Mai Lamba Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya Sumako ta yi a gidan mijinta Noboru Tsurumaki, kuma babu shekarar da ta wuce ba ta yi mitar ɗakin sama ba. Shi ne ɗakin da ya fi kowanne samun rana, inda ya kamata a ce tana shanya lokacin sanyi, amma maigidan ya cika shi da duwatsun kwali da itatuwan soso da layin dogo siriri kamar tsinken tsintsiya, na 'yan jiragen ƙasa na wasa. Tun yana aiki a gidan waya, da ya dawo sai ya haye can. Da ya yi ritaya kuwa, sai ta buga silin da sandar goge-goge kafin ya sauko cin abinci.

Ba sayen jiragen yake yi ba, ƙera su yake yi da hannunsa. Zai yanka fallen tagulla, ya goge, ya liƙe da dalma, har kan jirgi ya fito wanda bai fi tsawon yatsa ba, da tagoginsa da fitilarsa da komai. Masu irin wannan sha'awa a garinsu Niigata sun san shi, sukan ce aikin Tsurumaki ko a ƙusa ɗaya ba ya ƙarya.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya rage kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce in an yi sa'a ganin zai ƙara shekara guda. Ƙafarsa ma ta yi gyambo, aka hana shi tafiya mai nisa.

Wata safiya cikin kaka, Sumako tana yanka kabeji, ya shigo kicin da mujalla a hannu ɗaya, tsohon hoto a ɗayan.

"Maman Miho, ajiye wuƙar nan ki karanta mini nan."

"Yau kuma wace tsohuwar motar ce ta mutu?"

"Ke dai karanta."

Ta share hannu ta karanta. 'Yan layuka ne a ƙarƙashin wani hoto: a ƙauyen Hinokizawa, can cikin duwatsun Akita, an adana wani kan jirgi mai amfani da dizal, na tsohon layin da ke sauko da gumagumai daga daji. Lambarsa bakwai.

Ba sai ya yi mata bayani ba. Mahaifinsa, Eisaku, direba ne a wannan layin, kuma lamba bakwai yake ja. Ya rasu a bakin aiki Noboru yana ɗan shekara goma. Kafin a yi wata biyu uwarsu ta kwashe su zuwa danginta a Niigata, kuma har ta koma ga kakanninta ba ta yarda an yi maganar ranar ba. Abin da ya rage wa Noboru hoto ɗaya ne, uban yana tsaye a ƙofar jirgin da tawul a wuya yana dariya.

"Ni na ɗauka an yanka shi an sayar wa 'yan gwangwan tuntuni," in ji Noboru. "Jirgi sittin da wani abu na ƙera, na kowa da kowa, ban da nasa. Daga hoto ɗaya ba a ƙera jirgi. Ban san bayansa ba, ban san ɗaya gefen ba."

"To ka ƙaga mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ta dube shi. Ya karkatar da kai yana neman fuskarta da ɗan ganin da ya rage masa, abin da ya koma yi a 'yan watannin nan, wanda kullum yake sa ta kawar da ido.

"Miho tana da aiki," ta ce. "Kai kuma ƙafa. Wato ni ce zan je."

"Ban ce ba."

"Shekara arba'in ba ka faɗin komai, amma sai in ga na yi."

Kwana uku ya yi yana koya mata awo. Ya nuna mata yadda ake kama tef, da yadda za ta ɗauki hoto daga gaba da baya da gefe ba tare da ta karkace ba. Ya kuma ja mata kunne cewa lambar da ke jikin ƙofa ba hujja ba ce, don mutane suna musanya ta. Hujja tana ƙasa, jikin ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, inda masana'anta ke buga tata lambar. Ya juya hoton. A baya, da rubutun uban, an sa 1184. Sannan ya ce ta duba murfin injin ta dama, akwai facin walda kamar faɗin tafin hannu inda gungume ya taɓa dukansa. Ya tuna shi sarai, don nan yake dafawa in uban ya ɗaga shi.

Ta kama hanya da sassafe da ƙunshin shinkafarta, jirgi biyu da bas ɗaya. Ita kaɗai ta rage a bas ɗin sa'ad da suka isa Hinokizawa, rana ta ɗan karkata. Gidaje ba su fi ashirin ba, rabinsu a rufe. A filin makarantar firamare da aka daina amfani da ita ta hango rumfar kwano, a ƙarƙashinta kuma abin da ya kawo ta.

Ta zaci za ta ga ƙato. Ashe bai fi ƙaramar motar kaya ba, kore shar, an goge shi fes. A jikin ƙofa ga farantin tagulla mai lamba bakwai yana ƙyalli. Ta tsaya ta sunkuyar da kai, kamar yadda take yi gaban hoton surukin nata a gida, sannan ta kira waya.

"Baban Miho, ga ni gabansa."

Ta ji ya jawo kujera ya zauna. Can ya ce, "Yaya yake?"

"Ɗan ƙarami ne. Kore."

"Ruwan ƙasa ne a da. Ba komai, fenti ne. Ramukan iska nawa ne a murfin?"

"Waɗanne ne kuma ramukan iska?"

"Tsage-tsagen nan, kamar haƙarƙarin kifi."

Ta ƙirga, goma sha biyu. Ya ce daidai. Ta auna tsawo, ta auna tsakanin tayoyi, tana faɗa yana maimaitawa, tana jin ƙarar alƙalaminsa mai kaurin baki. Kowane awo sai ya ce daidai, muryarsa tana ƙara tashi kamar ta wanda ya sha giya. Ta zaga ta dama ta shafa murfin daga farko har ƙarshe. Sumul yake.

"Facin fa?"

"Fentin yana da kauri. Bari in duba ƙasa tukuna."

Ta shimfiɗa jarida, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta kutsa kai tsakanin tayoyi. "In na maƙale a nan, kai za ka yi wa Miho bayani," ta ce. Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. Ta haska da fitilar waya, ta goge maiƙo da yatsa. Ɗaya, ɗaya, takwas. Ta sake goge ta ƙarshen. Shida ce. Ta tofa yawu a hankici ta dirje wurin, shidan ta ƙara fitowa.

"Kin gani?"

"Duhu ne a nan, ga tsatsa. Zan kira ka anjima, batir ya yi ƙasa."

Ta kashe wayar ta zauna a kan jaridar.

"Baiwar nan, wani abu ya faɗa miki ne a ƙasa?"

Wani tsoho ne tsaye a bakin rumfar, ya ranƙwafa, riƙe da gwangwanin mai da tsumma. Ya ce sunansa Funaki, shi ke kula da jirgin, ba don an sa shi ba. Ta miƙe tana kakkaɓe siket, ta ba shi haƙuri, ta ce lambar masana'anta take dubawa.

"Shekara talatin ina nan," ya ce, "masu kyamara sun zo sun fi ɗari. Ba wanda ya taɓa leƙa can. Wa ya aiko ki?"

"Mijina. Tsurumaki. Ɗan Eisaku Tsurumaki ne."

Tsohon ya ajiye gwangwanin a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ya nemi bakin dakali ya zauna. Da ta miƙa masa hoton, bai karɓa ba, ya dube shi a hannunta.

"Nobo," ya ce. "Mai kunnuwa. Yana raye?"

"Yana raye. Idonsa ne ke tafiya. So yake ya ƙera jirgin babansa kafin ya rufe."

"Wannan ba shi ba ne."

"Na gani, Funaki-san," ta ce cikin girmamawa.

"Lamba tara ce. Ƙanwarsa ce, shekara ɗaya aka kawo su, komai nasu iri ɗaya. Ni na ɗaura mata farantin can da hannuna."

Sai ya ba ta labari, idonsa a ƙasa. A lokacin yana da shekara ashirin da biyu, mai birki ne, irin waɗanda ke tsayawa a kan taragun gumagumai suna murɗa birki da hannu in ana gangara. Ranar an kwana ana ruwa, ganye ya zube a kan dogo. Tarago takwas suka ɗauko. Suna wuce kwana ta biyu tayoyi suka fara zamewa, ya murɗa har fatar hannunsa ta saɓule, gudu sai ƙaruwa yake. A ƙasa, kan gada, akwai leburori shida suna canza katako. Eisaku ya leƙo ta taga ya daka masa tsawa ya yi tsalle. Ya yi tsallen. Shi kuma Eisaku ya zauna ya danne ƙaho bai saki ba, har mutanen gadar suka ji suka watse. A kwanar da ke gaban gadar jirgin ya bar dogo ya faɗa kwazazzabo.

"Shi mun fito da shi washegari da igiya. Jirgin kuwa ba abin da zai iya ɗago shi. Yana can har yau. Farantin kawai na kwance na sa a aljihu." Ya goge hanci da bayan hannu. "Da aka rufe layin, ƙauye ya ce a bar ɗaya don tarihi. Na ce in dai za a tuna da wani jirgi a garin nan, lamba bakwai za a tuna. Ba wanda ya hana ni. Uku daga cikin mutanen gadar suna raye a lokacin."

"Ba a taɓa gaya wa yaran ba."

"Na je gidan sau biyu. Matarsa ta ƙi buɗe mini ƙofa. Ban ga laifinta ba. Ni na dawo da ƙafata, nata mijin a kan ƙyaure aka kawo shi."

Sumako ta buɗe ƙunshin shinkafarta don ta rasa abin yi da hannunta, ta miƙa masa ɗaya. Suka ci tare. Da lokacin bas ya matso, tsohon ya tashi ya ciro sukudireba daga aljihu, ya kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da farantin, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta.

"Kai masa. Wannan kam hannun babansa ya taɓa shi, kullum da safe sai ya goge shi da hannun riga."

"Ba za a yi maka faɗa ba?"

"Wa ya rage da zai yi?"

A hanya ta shirya ƙarya kala uku. Tana iya cewa lambar ta ci tsatsa, ko an canza murfin. Awo dai daidai yake, zai ƙera abinsa da farin ciki, ido ya rufe yana murna. Ta kwana a wani masauki kusa da tasha, da hantsi ta isa gida ba ta tsayar da shawara ba.

Ta same shi a bakin ƙofa, ya yi aski, ya sa rigar fita kamar mai jiran baƙo. Ta zuba shayi. Ya jera takardun awonsa a tebur.

"Batirin bai farfaɗo ba ke nan," ya ce.

"Bai farfaɗo ba."

"Maman Miho, kin san ba ki iya ƙarya ba. Ranar da kika taka mini tarago kika ce kyanwa ce, ba mu da kyanwa. Nawa ce lambar?"

"Shida ce a ƙarshe."

Ya gyaɗa kai. Ta warware tsumman ta sa masa farantin a hannu, ta gaya masa komai yadda aka gaya mata, ba ta rage ba. Yana ji yana bin lambar da babban yatsa, sama da ƙasa. Da ta zo wurin ƙahon, yatsan ya tsaya.

"Na ji shi," ya ce. "Muna aji, ana darasin lissafi. Muka ji ƙaho daga dutse ya ƙi ƙarewa, yara suna dariya, wani ya ce direban ya yi barci a kai. Ni ma na yi dariya." Ya ajiye farantin. "Shi kuma wannan ya yi tsalle."

"Babanka ne ya ce ya yi."

"Ya yi tsalle, ya yi shekara tamanin, yana goge jirgin ƙarya."

"Baban Miho."

"Kada ki ƙara kawo mini sunansa."

Ya hau sama yana lalube bango. Sati biyu ba ta ji ƙarar zarto ba. In ta kai masa abinci sai ta tarar da shi zaune gaban taga, farantin a cinya. Ta rubuta wa Funaki kati ta ce saƙo ya iso, ba ta ƙara komai ba.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya kira ta daga sama.

"Kin ce komai nasu iri ɗaya?"

"Haka ya ce."

"To awon yana da amfani. Zo ki riƙe mini nan, ba na ganin layin."

Haka ta shiga sana'ar da ta yi shekara arba'in tana zagi. Shi ke lissafi da ka, yana raba kowane awo gida tamanin, ita ke zana layi a tagulla ta yanka. Ta ƙone yatsu da dalma ba adadi. Yakan shafa abin da ta liƙa ya ce, "Wannan ƙofa ce ko bakin kwaɗo?" ta ce in ya fi ta iyawa ya karɓa. Murfin injin sau huɗu suna sake shi. Facin waldar shi ya yi da kansa, da ɗan ƙyallen tagulla da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya yi wuni guda yana lalube kafin ya zauna.

Kafin sabuwar shekara idon daman ya rufe. Da safe ya farka ya tambaye ta ko gari bai waye ba, alhali rana ta cika ɗakin. Ta ce ya waye. Ya ce to, a ba shi shayi. Ita ce ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji ta.

Fentin ita ta yi, ruwan ƙasa. Ya tambaya wane irin ruwan ƙasa, ta ce irin na miyar waken da ya fi so, ya ce a ƙara duhu kaɗan. Lambar ta fito a ɗan karkace. Ta gaya masa, ya ce a bar ta. Da suka ɗora shi a kan dogo ya murɗa wuta, ɗan jirgin ya yi gaba yana ɗingishi, ya zaga dutsen kwali ya dawo. Noboru ya kwantar da kunne kusa da layin yana bin sa da ji.

"Shekara nawa kika ce yake da su a lokacin?" ya tambaya.

Ta gane wa yake nufi. "Ashirin da biyu."

"Miho ma ta girme shi ke nan." Ya bar jirgin ya sake zagawa. "In ƙanƙara ta narke, ki kai ni. Ina da tambayoyi. Ban san ko Baba yana waƙa in yana tuƙi ba, ina jin kamar yana yi, amma ban tabbata ba. Shi zai sani."

Ta rubuta wa Funaki a ranar. Amsa ta zo da rubutu mai rawa, layi biyu, cewa yana jira, zai share hanya.

A ƙarshen watan biyu wani katin ya zo, daga matar ɗan Funaki. Sanyi ya kama ƙirjin tsohon, ya kwana biyar a asibiti, ya cika. Ta ce har ranar da aka ɗauke shi yana maganar baƙin da zai yi. Sumako ta karanta wa Noboru a tsaye a bakin ƙofa. Ya ce ta sake karantawa. Ta sake.

"Wata uku na ɓata," ya ce.

Ta ninke katin ta sa masa a hannu.

Duk da haka suka je, cikin watan biyar, Miho ta ɗauki hutu ta tuƙa su. Ƙura ta hau jirgin, ganye ya taru a ƙarƙashinsa. Noboru ya zaga shi da tafin hannu tun daga fitila har ƙugiyar baya, yana ƙirga ramukan iska da leɓe. Ya laluba ramukan ƙusa huɗu a jikin ƙofa, ya ce a ba shi sukudireba. Shi ya mayar da farantin, Sumako tana riƙe masa ƙusoshi. Daga nan suka je gidan Funaki, ya kunna turare gaban hotonsa, ya daɗe a durƙushe duk da ƙafar.

Matar ɗan ce ta nuna musu hanyar tsohon layin. An cire dogo tuntuni, sai turba da ciyawa. Mota ta kai su inda za ta iya, sauran suka taka, Noboru yana dafe da kafaɗar matarsa, suna hutawa kowane 'yan taku. Gadar ta rushe, sai ginshiƙai biyu. A kwanar da ke gabanta matar ɗan ta tsaya ta nuna ƙasa.

Sumako ta riƙe wani reshe ta leƙa. Kwazazzabon ya yi zurfi, itatuwa sun cike shi har baki, ana jin ruwa a can ƙasa ba a ganinsa.

"Kina ganinsa?" in ji Noboru.

Ta duba da gaske. Ta matsa gefe ta sake dubawa, ko za ta hango wani abu mai kama da ƙarfe.

"A'a. Itatuwa ne kawai."

"Manya?"

"Manya sosai."

Ya cire hularsa. Suka tsaya nan, iska tana kaɗa masa 'yar furfurar da ta rage. Miho ta zo ta kama ɗaya hannun nasa. Da aka jima ya ce ƙafarsa ta fara zafi, su koma. Suka juya da shi a hankali, Sumako tana gaya masa inda dutse yake da inda zai sa ƙafa.